Da gaske fadar Versailles gidan farauta ce tun asali?

Tambaya: Malam, Allah ya ƙara basira. Na ji ana cewa fadar Versailles ta ƙasar Faransa, wadda ake nunawa cike da zinariya da madubai, wai asalinta ɗan masauki ne da sarki yake kwana a ciki idan ya fita farauta. Da gaske ne? In haka ne, yaya aka yi gidan farauta ya zama fada, kuma akwai abin da ya rage na ginin farko?

Amsa: Amin, ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri. Abin da ka ji gaskiya ne, babu ƙari a ciki. A shekarar 1623 Sarki Louis na 13 ya sa aka gina masa ɗan gida a kan wani tudu kusa da ƙauyen Versailles, wajen kilomita 20 yamma da Paris, don ya sami inda zai sa haƙarƙarinsa idan dare ya riske shi a daji. Yau a wurin akwai fada mai ɗakuna kusan 2,300. Na daɗe ina koyar da wannan tarihi, kuma na lura yawancin masu ba da labarin sukan ambaci farautar a layi ɗaya su wuce, kamar wani abu ne da ya faru kafin a fara labari. Ni ba haka nake gani ba. Farauta ce ta kai sarakunan Faransa wurin, ita ta koya musu salon mulkin da suka yi a can, kuma ranar da aka zo fitar da sarki na ƙarshe da ya zauna a gidan, daga daji aka je aka kirawo shi. Saboda haka ka yi haƙuri, amsar za ta ɗan yi tsawo.

Ka fara ajiye farautar da ka sani a gefe. A wajenmu idan rani ya yi, a buga gangi, samari su fito da gora da adda da karnuka, kowa ya kutsa daji, abin da ka samu rabonka ne. Maharbi kuma mai sana'a ne kamar maƙeri ko masunci. A Faransa ta wancan zamani abin a juye yake. Farauta ta sarki ce da 'ya'yan sarauta, doka ta hana talaka. Wadda suka fi ɗaukakawa ita ce farautar bin barewa da karnuka. Da asuba masu bin sawu za su shiga kurmi da kare mai ƙarfin shinshina, su zaɓi namijin barewa guda ɗaya tak, irin mai ƙaho rassa-rassa. Sai a saki garken karnuka a kansa, mahaya na biye, masu busa ƙaho na sanar da kowa inda aka kwana, domin kowane mataki da irin busarsa. Ba a harbinsa, kora ake yi har ƙarfinsa ya ƙare, sannan a soke shi, a ba karnuka rabonsu a gaban jama'a. Abin yakan ci sa'o'i, kuma barewa ce ke zaɓen hanya, ba sarki ba. Sau da yawa rana takan faɗi alhali an yi nisa da gida. Dalilin gina gidajen farauta ke nan. Fadojin Fontainebleau da Saint-Germain-en-Laye duk a bakin kurmi suke, Chambord kuma, wadda Sarki François na 1 ya fara ginawa a 1519, mai ɗakuna fiye da 400, ita ma don farauta aka yi ta. Harkar tana da sarautunta: akwai babban mai kula da farautar karnuka, akwai mai kula da shahunan sarki, akwai mai farautar kyarkeci, kuma manyan gidaje ne ke riƙe da waɗannan muƙamai.

Louis na 13 mutum ne da zaman fada bai yi masa daɗi ba. Yana ɗan shekara 8 aka kashe mahaifinsa, Henri na 4, a kan titi a Paris a 1610. Mahaifiyarsa, Marie de Médicis, ta riƙe mulki, ta jawo na hannun damanta, aka mai da yaron gefe. Yana da i'ina, ba shi da yawan magana, ba ya son taro. Inda yake sakewa kawai shi ne daji, tare da dawakai da karnuka da tsuntsayen farauta. Wanda ya fi kusa da shi a lokacin shi ne mai kula masa da shahuna, Charles d'Albert de Luynes. Da taimakon wannan mutum ne a 1617, yana ɗan shekara 15, ya sa aka kawar da Concini, amintaccen mahaifiyarsa, ya karɓi mulki. Mai kiwon shaho ya zama babban basarake mai sarautar duke, daga baya ma ya zama shugaban rundunar Faransa baki ɗaya. Ka riƙe wannan a ranka, don nan gaba za mu dawo kansa: wanda yake tare da sarki a daji ya fi wanda yake jiransa a zaure samun kunnensa.

Versailles a lokacin ba wurin da za a yi sha'awa ba ne. Ƙaramin ƙauye ne, ga fadama ta kewaye shi, ga iska mai ƙarfi a kan tudun, ga sauro. Abin da yake da shi kawai namun daji ne. Louis ya fara zuwa wurin farauta tun yana yaro a 1607. Saint-Simon, wani basarake marubucin tarihin fada wanda mahaifinsa na cikin makusantan wannan sarki, ya rubuta cewa sarkin ya gaji da kwana a wani lalataccen masaukin matafiya ko a gidan injin niƙa mai aiki da iska idan dare ya yi masa, shi ya sa ya gina nasa. Ya fara kwana a ciki a 1624. Ginin ƙarami ne ƙwarai, har wani babban kwamandan yaƙi na lokacin, Bassompierre, ya ce ko ƙaramin basarake ba zai yi tinƙaho da shi ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ba a tanadi sashen sarauniya a ciki ba. Matarsa da mahaifiyarsa sukan zo da rana idan an gayyace su, amma ba sa kwana. Gida ne na sarki da 'yan tsirarun mazan da shi da kansa ya zaɓa.

Amfanin wannan keɓewa ya fito fili a watan Nuwamba na 1630. Mahaifiyar sarki ta ɗauki gaba da babban wazirinsa, Kadinal Richelieu. A fadarta ta Luxembourg a Paris ta tsare ɗanta, ta ce sai dai ya zaɓa, ko ita ko waziri. Sarki bai ce uffan ba, ya fita ya hau ya nufi Versailles. Duk Paris aka ɗauka ta waziri ta ƙare, fadawa suka yi ta tururuwa zuwa gidan uwar sarki suna yi mata barka. Da yamma sai sarki ya aika Richelieu ya same shi a gidan farauta, ya tabbatar masa yana nan a kan kujerarsa. Aka kama Michel de Marillac, wanda ake shirin ɗorawa a madadinsa. Shekara na zagayowa uwar sarki ta bar ƙasar, ba ta sake ganin ɗanta ba har ta rasu a Cologne a 1642. Faransawa na kiran wannan rana ranar waɗanda suka ruɗu. Hukunci mafi girma a mulkin wannan sarki, wanda ya ba Richelieu shekara 12 yana juya Faransa, a ɗan gidan nan na daji aka yanke shi, domin nan ne kaɗai babu mai shiga sai wanda aka kira.

Daga 1631 zuwa 1634 sarki ya sa magini Philibert Le Roy ya sake ginin, ya ɗan faɗaɗa shi: jan bulo, farin dutse, rufi na baƙin dutse falle-falle, sassa uku kewaye da farfajiya. A 1632 ya sayi ƙasar Versailles ɗin kanta daga hannun Jean-François de Gondi, babban limamin Katolika na Paris. Wannan gini na biyu shi ne tushen abin da ake gani yau, ba na 1623 ba. Sarkin ya rasu a 1643, magajinsa na ɗan shekara 4, gidan ya koma shiru na tsawon shekaru.

To, me ya sa ɗansa, Louis na 14, ya ɗora wa wannan wuri abin da ya fi ƙarfinsa? Amsar da aka fi bayarwa ita ce tsoron Paris. Akwai gaskiya a ciki. Daga 1648 zuwa 1653 an yi tawayen da ake kira Fronde, alƙalan Paris da manyan 'ya'yan sarauta suka tayar wa gidan sarki. A daren 5 ga Janairu 1649 aka sulale da yaron daga Paris zuwa Saint-Germain, inda suka tarar da fada babu kaya, manyan mutane suka kwana a kan ciyawa. A Fabrairun 1651 jama'ar gari suka shiga har ɗakin kwanansa don su tabbatar ba a gudu da shi ba, shi kuma ya yi lamo kamar mai barci. Yaron da ya ga haka ba zai manta ba. Amma ni ina ganin tsoro kaɗai bai isa bayani ba, domin sai da aka yi shekara 30 bayan haka kafin ya ƙaura gaba ɗaya. Shi ma mafarauci ne kamar ubansa, mutum ne mai son sarari da iska, fadar Louvre da ke Paris kuwa gidaje sun matse ta. A Versailles babu maƙwabcin da zai hana shi faɗaɗawa. Kuma darasin da ya ɗauka daga tawayen ba gudu ba ne. Ya fahimci cewa basaraken da ke zaune a ƙasarsa, nesa da idon sarki, shi ne ke tara dakaru.

A 1661 babban waziri Kadinal Mazarin ya rasu, Louis ya ce daga yau babu babban waziri, shi zai riƙe komai. A watan Agusta na shekarar, ma'ajin ƙasa Nicolas Fouquet ya shirya masa gagarumar liyafa a sabon gidansa na Vaux-le-Vicomte, gidan da ya fi duk na sarki kyau. Mako uku bayan haka aka kama Fouquet, ya ƙare rayuwarsa a kurkuku. An riga an ƙulla kamun tun kafin liyafar, amma liyafar ta nuna wa sarki abin da yake so. Ya kwashe gwanayen da suka yi wa Fouquet aiki: magini Louis Le Vau, mai zane Charles Le Brun, da mai tsara lambu André Le Nôtre, ya kai su Versailles. Da lambu aka fara. A 1664 aka yi bukukuwa na kwanaki a can, amma gidan ya yi kaɗan, manyan baƙi da yawa suka rasa wurin kwana.

Colbert, wanda ya gaji Fouquet a harkar kuɗi, bai so wannan aiki ba. Ya rubuta wa sarki cewa Versailles gidan nishaɗi ne, ba na ɗaukaka ba, gara a zuba kuɗin a Louvre. Magina su ma suka ce a rushe tsohon gidan bulon, tunda bai dace da sabon ba. A 1669 har an kusa yarda da haka, aka nemi magina su kawo sabon tsari, sai sarki ya janye. Charles Perrault, mataimakin Colbert a harkar gine-gine, ya rubuta cewa sarki ya ce in sun rushe shi, to zai sake gina shi yadda yake. Wasu masana na cewa ƙaunar uba ce, wasu na cewa tsada da ɓata lokaci ya guje wa. Ina jin duka biyun suna ciki. Abin da Le Vau ya yi daga 1668 shi ne ya lulluɓe tsohon ginin da sabo na farin dutse ta ɓangarori uku, ya bar gabansa a buɗe, kamar mutum ya ɗora babbar riga a kan 'yar shara. Idan ka tsaya ta lambu za ka ga fada ta dutse, idan ka zagayo ta gari za ka ga gidan bulo na Louis na 13.

Daga 1678 Jules Hardouin-Mansart ya karɓi aikin. Shi ya gina Zauren Madubai, mai tsawon mita 73 da madubai 357, aka gama a 1684. A lokacin madubi babba kaya ne mai tsadar gaske, mutanen Venice ke riƙe da sirrin yin sa, sai da Colbert ya jawo wasu gwanayensu ya kafa masana'anta a Faransa a 1665. Mansart ya ƙara dogayen sassa biyu kudu da arewa don gidajen 'ya'yan sarauta da fadawa. Ranar 6 ga Mayu 1682 sarki ya ƙaura da fada da gwamnati baki ɗaya zuwa Versailles, ana cikin gini, ƙura na tashi.

A nan dole in tsaya, domin ba na son ka ɗauki labarin zinariya ka bar labarin waɗanda suka haƙa ramin. Wurin da ya dace da barewa bai dace da dubban mutane ba. A 1685 wani bafade mai rubuta abubuwan yau da kullum, Dangeau, ya ce ma'aikata 36,000 ke aiki a wurin. Zazzaɓin fadama ya yi ta kashe su, har wata basarakiya mai suna Madame de Sévigné ta rubuta a wata wasiƙa a 1678 cewa da dare ake fitar da gawarwaki a amalanke don kada sauran su firgita. An tashi ƙauyuka, ciki har da Trianon, wanda yau sunansa kawai ya rage a kan ginin da aka yi a filinsa. Sai matsalar ruwa. Ga fadama amma babu kogi, alhali sarki na son ɗaruruwan maɓuɓɓugan ado. Aka kafa wani ƙaton inji a Marly a bakin kogin Seine, mai manyan ƙafafun ruwa 14 da famfuna sama da 200, yana tura ruwa sama fiye da mita 150, aka gama a 1684, bai wadatar ba. A 1685 aka fara haƙa hanyar da za ta kawo ruwan kogin Eure daga nisan kilomita 80, aka zuba dubban sojoji, cuta ta yi musu ɓarna, yaƙi ya ɓarke a 1688, aka watsar da aikin. Har ƙarshen mulkin, ma'aikatan ruwa buɗe maɓuɓɓuga suke yi idan sarki ya doso, su rufe idan ya wuce. A 1689 ma sai da aka narkar da kayan azurfar fadar don biyan kuɗin yaƙi.

Duk da wannan girma, wurin bai daina zama gidan farauta ba. Aka kewaye daji da gonaki da ƙauyuka da katanga mai tsawon fiye da kilomita 40 don namun sarki. Manyan hanyoyin da aka datsa a kurmi, miƙaƙƙu, suna haɗuwa wuri ɗaya kamar tauraro, asalinsu don mahaya su hangi inda barewa ta ƙetare ne. Abu na farko da mai zuwa daga Paris yake gani a gaban fada shi ne manyan bargogi biyu na dawakin sarki, a bayansu kuma gidan karnuka. Louis na 14 yakan yi majalisa da safe, da rana ya fita daji. A 1683 ya faɗo daga doki ya ji rauni a hannu, daga nan ya koma bin karnuka a ƙaramin keken doki da shi da kansa yake tuƙawa, bai fasa ba har tsufa.

Yanzu koma ga abin da na ce ka riƙe. Abin da Louis na 13 ya yi da mutum goma, wato shi ke zaɓen wanda zai kusance shi, Louis na 14 ya yi shi da dukan masu sarautar Faransa. Akwai wata shuɗiyar riga mai ado da ba a sawa sai da takardar izinin sarki, mutane kaɗan ke da ita, kuma amfaninta shi ne mai ita na iya bin sarki farauta ba tare da an gayyace shi ba. Idan sarki ya dawo daga daji, cire masa takalman hawa ma biki ne, akwai waɗanda ke da ikon tsayawa a wurin, kuma lokaci ne mai kyau na kai koke. A ƙarni na 18, duk wanda ke son ya shiga keken sarki ya bi farauta sai ya kawo hujjar cewa gidansu na sarauta ne tun shekarar 1400. Muƙami, fansho, auren 'ya, ɗaki a fada, duk ta wannan kusanci ake samu. Basaraken da kakansa ke tara mayaƙa a lardinsa, shi yanzu yana cin bashi don ya ɗinka riga ya tsaya inda sarki zai gan shi. Saint-Simon ya ce idan aka roƙi sarki alfarma ga wanda ba ya zuwa fada, amsarsa ita ce mutum ne da ba ya gani. A ganina wannan shi ne ainihin abin da aka gina a Versailles, duwatsun sun biyo baya ne.

Amma dabarar ta cinye amfanin wurin na farko. Gidan da aka yi don kaɗaici ya cika da dubban mutane, sarki ba ya ko cin abinci sai ana kallonsa. Sai ga shi tun 1679 ya fara gina wani ƙaramin wurin hutu a Marly, a bakin wani kurmin, inda babu mai zuwa sai wanda aka rubuta sunansa. Fadawa suka koma roƙon a sa su cikin masu zuwa Marly. A 1701 ya mai da ɗakin kwanansa tsakiyar tsohon ginin mahaifinsa, yana fuskantar gabas, kuma a nan ya rasu ranar 1 ga Satumba 1715, bayan shekara 72 a kan gado. Louis na 15, wanda ya dawo Versailles a 1722, ya fi kakannin nasa son farauta, ya gina ƙananan gidajen daji da dama, kuma liyafar dare da yake yi wa abokan farautarsa a ƙananan ɗakuna ita ce gayyatar da kowa ke nema.

Shi kuwa manomin da gonarsa ta faɗa cikin yankin farautar sarki, wahala ce zalla. Dokar daji ta 1669 ta tabbatar da hana talaka farauta. A yankunan da aka keɓe wa sarki kewaye da Paris, barewa da aladen daji da zomaye su cinye maka amfanin gona kana kallo, ba ka da ikon kashewa. Ba ka shinge gonarka sai da izini. Ba ka yankan ciyawa sai lokacin da aka yarda, don kada ka ɓata ƙwan tsuntsayen sarki. Karenka ma sai an ɗaure shi ko an rataya masa gungume a wuya. Wanda aka kama ya ɗana tarko, tara ce mai nauyi ko bulala ko kora daga yankin. Duk wanda ya taɓa kwana a gona yana korar dabbobi ya san zafin wannan. Da aka ce a 1789 kowane gari ya rubuto kokensa, ƙauyukan kewayen Paris sun yi ta maimaita maganar namun daji, kuma a watan Agusta na shekarar majalisa ta soke wannan gata tare da yankunan farautar sarki.

Louis na 16 yana da littafin da yake rubuta farautarsa a kullum, kuma barewar da ya lissafa a ciki sun haura dubu. A ranar 14 ga Yuli 1789, ranar da mutanen Paris suka fasa kurkukun Bastille, kalma ɗaya ya rubuta, ma'anarta babu komai. An daɗe ana yi masa gori da wannan, amma adalci shi ne a faɗa cewa littafin farauta ne, abin da yake nufi bai fita daji ba ran nan. Na 5 ga Oktoba ne ya fi taɓa ni. Ran nan dubban matan Paris suka tako a ƙafa cikin ruwan sama zuwa Versailles saboda tsada da ƙarancin burodi. Sarki na can yana harbi a dajin wajen Meudon, aka aika manzo ya kirawo shi. Ya rubuta a littafinsa cewa ya harbi namun daji 81, al'amura suka katse shi. Da asubahin 6 ga wata jama'a suka kutsa fada, suka kashe dogarai biyu, sarauniya Marie-Antoinette ta tsere ta wata ƙofa zuwa sashen mijinta. Sarki ya fito barandar da ke kallon tsohuwar farfajiya, ya yi alkawarin zai bi su Paris. Da rana aka tafi da shi da iyalinsa, kuma tun daga ranar babu sarkin da ya sake zama a gidan. An kashe shi a Janairun 1793, aka yi gwanjon kayan fadar daga 1793 zuwa 1794.

Abin da ya biyo baya zan taƙaita. Sarki Louis-Philippe ya mai da wurin gidan tarihi a 1837, hakan ya cece shi daga lalacewa, ko da yake an rushe ɗakuna da yawa don a sami wurin rataye hotuna. Ranar 18 ga Janairu 1871, Jamusawa na gab da cin Faransa da yaƙi, a Zauren Madubai suka ayyana daular Jamus. Faransawa ba su manta ba, a zauren suka sa Jamus ta sa hannu a yarjejeniyar ƙarshen yaƙin duniya na 1 ranar 28 ga Yuni 1919. Nan ne labarin ya taɓo mu. A wannan takarda Jamus ta sallama duk ƙasashen da take mulka a ƙetare, ciki har da Kamaru da Togo, waɗanda Ingila da Faransa suka raba. Ingila ta sami wani zirin ƙasa a gefen Najeriya. Arewacin zirin ya zaɓi shiga Najeriya a ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, ya zama Lardin Sardauna. Mutanen Mubi da Gwoza da Bama da Dikwa da Ganye da Gembu, wani ɓangare na dalilin zamansu 'yan Najeriya yau ya ratsa ta wannan zaure. A 1979 hukumar UNESCO ta sa fadar da lambunta cikin wuraren tarihi na duniya.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Na ginin 1623 babu abin da za ka gani, an sake shi tun zamanin mai shi. Dajin farautar ma yawancinsa ya tafi bayan juyin juya halin 1789, filin da ya rage wajen hekta 800 ne, kusan kashi ɗaya bisa goma na da. Amma gidan 1634 yana nan. Idan Allah ya kai ka, ka shiga ta babbar ƙofar gari, ka miƙe har farfajiyar ƙarshe, wadda aka shimfiɗe da marmara baƙi da fari. Za ka ga ta tsuke, ba ta kai girman sauran ba. Bangaye uku na jan bulo da farin dutse da suka kewaye ka, su ne na Louis na 13. An yi musu ƙari sosai: an ɗaga tsakiyar, an jera gumakan marmara, an shafa zinariya a rufi. Sai dai faɗin farfajiyar da tsarin ginin na gidan farautar ne. Tagogi uku na bene da ke tsakiya su ne na ɗakin da Louis na 14 ya rasu, barandar da ke gabansu kuma ita ce inda Louis na 16 ya tsaya da safiyar 6 ga Oktoba 1789.